Mahfuza da Lamba Bakwai

Ranar Juma'ar ni na tashe ta sallar asuba, kuma kamar kullum sai da na kira ta sau biyu. Sunanta Mahfuza, amma sunan mahaifiyar mijina ta ci, shi ya sa Uwa muke ce mata a gida. Ta yi sallah ta koma gado da hijabinta a jiki. Na ce ta tashi kada motar makaranta ta bar ta. Ta sha shayi a tsaye tana neman safa ɗaya da ta ɓata, ta same ta a cikin takalmi, ta fita tana yi wa kanta dariya.

Da hantsi ina kantin maganin da nake aiki a Port Saeed, wata unguwa a Dubai. Babu ciniki sosai ranar, na yi ta jera maganin tari na yara. Kafin azahar aka tashi makaranta, don ranar Juma'a rabin wuni ake yi. Mahaifinta, Bashar, ya tare ta a bakin titi, ya kai ta gidanmu a saman bene, ya wuce masallaci. Na iso na tarar ta ɗora shinkafar tuwo, ta cika mata ruwa.

Da aka sauko daga masallaci yayana Labaran ya zo cin abinci. Ɗan kasuwa ne daga Kano. Yakan sauka a unguwar Al Ras, ya sayi gwal da kayan wuta ya tura gida, kuma duk Juma'ar da ta same shi a Dubai a wurinmu yake ci.

"Ina tafintata?" ya ce tun daga ƙofa. "Jiya wani Ba'iraniye ya yi ta zuba mini magana, ban tsinci komai ba sai khalas."

"Kawu, shekara nawa kana zuwa Dubai? Har yanzu Larabcinka bai wuce yalla da shwaiya-shwaiya ba."

"Su kaɗai kasuwa take bukata, Hajiya ƙarama. Sauran na 'yan makaranta ne."

"To ran da aka cuce ka kada ka neme ni."

Na ce ba a yi wa kawu haka. Ya ce in ƙyale ta, gaskiya ta faɗa.

Bayan la'asar ta shiga ɗakinta ta kunna gem, wasan na'ura. Dokarmu ce: Juma'a da Asabar kaɗai, kuma ana kiran magariba ta kashe. Ta sa hedifon a kunne. Daga kicin na ji dariyarta, na ji ta ce wa wani, da Turanci, "Zan iya mana." Ban ɗauke shi komai ba, don haka take ce wa kowa. Da magariba ta kashe ba tare da an ce mata ba. Ta raka mahaifinta shagon ƙasa sayen madara, suka dawo suna musu a kan wace ƙungiya ce za ta ci ƙwallon gobe. Ta yi isha'i ta kwanta.

Washegari Asabar, bayan azahar, ta rasu a ɗakinta. Shekararta goma sha ɗaya.

Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne lamba bakwai da ke gaban kwalin wannan gem. Lambar ce ta ce mana ya dace da yaro ɗan shekara bakwai. Ita ce kuma a kan kwalayen da 'yan kasuwarmu ke lodawa zuwa Kano, inda yara irin Najiba, 'yar Yaya Labaran mai shekara tara, suke jira.

A Gyaɗi-gyaɗi aka haifi Uwa. Tana da shekara huɗu muka biyo Bashar, wanda ya samu aiki a wani kamfanin kago, na jigilar kaya. Hausarta ta gida ce, amma in ta fusata sai Larabci ya shigo, in tana lissafi kuma Turanci. Ba ta cikin waɗanda suke zuwa na ɗaya a aji. Rubutunta ba kyau, kuma ba ta damu ba. Abin da take so shi ne a kai ta bakin ruwa, inda jiragen katako ke lodin firji da tayoyi da buhunan shinkafa, ta yi ta tambayar ma'aikatan ina kowanne za shi. Tana dawowa ta duba a taswira, in wani ya faɗa mata ƙarya ta gane, wani satin ta je ta gaya masa.

Halinta ɗaya ne kowa ya sani: kada ka ce mata ba za ta iya ba. Tana da shekara bakwai wata ƙawarta ta ce ba za ta kai azumi ba a zafin Dubai. Ta kai, leɓenta a bushe, ta ƙi ko kallon ruwa har aka kira sallah. Mun yi alfahari da ita ranar. Kakarta ta bugo waya daga Kano ta sa mata albarka.

Gem ɗin kyautar Kawunta ce, lokacin da ta kai izu goma. Ya shigo da katon kwali, ya ajiye a tsakiyar falo, sannan ya ciro faifan wasan daga aljihun babbar rigarsa yana murmushi.

"Mai kyaun na sayo. Na ce wa yaron shagon ba na son na banza. Duba, ɗan sha takwas ne."

Na karɓa na duba. Hoton wani ne riƙe da bindiga, jini a rigarsa.

"Yaya, me ka ɗauka sha takwas ɗin nan take nufi?"

"Inganci mana. Akwai mai uku, akwai mai bakwai, ko kallonsu ban yi ba. Da akwai ashirin da biyu ma shi zan ɗauko wa uwata."

Bashar ya yi dariya har sai da ya zauna. Yaya ya ɗauka lambar gem irin ta gwal ce, inda sha takwas ya fi sha huɗu, ashirin da biyu ya fi su duka. Na yi masa bayani cewa shekarun mai wasan ake nufi, babbar lamba ta manya ce, ƙarama ta yara. Ya riƙe baki. Washegari muka koma shagon tare, na karanta kwalaye kamar yadda nake karanta kwalin magani, na zaɓi mai bakwai. Wasan gine-gine ne, babu bindiga, babu jini.

A cikinsa ta gina gida irin na kakarta, da zaure a gaba, duk da sau uku kaɗai ta taɓa komawa Kano. Ta nuna mini ta ce, "Mama, nan ne baƙi suke tsayawa."

Bayan rasuwarta 'yan sanda suka tafi da na'urar. Da suka dawo da ita suka zaunar da mu, suka nuna mana abin da suka samu, cikin mutunci. Gem ɗin yana da ƙofar hira. Duk wanda ke wasan a ko'ina cikin duniya yana iya shigowa ya yi mata magana a kunne. Akwai wasu da suka yi makonni suna hira da ita. Sun ce su ma yara ne. Muryar ɗaya daga cikinsu ba ta yaro ba ce. Akwai wani abu da suke sa juna yi, wai gwajin jarumta. Ba zan rubuta yadda ake yin sa ba. Abin da suka riƙa maimaita mata kawai zan faɗa: ba za ki iya ba.

Na ɗauko kwalin na sake karantawa. A gaba, bakwai, babba, cikin launi. A baya, can ƙasa, kusa da adireshin masana'anta kuma da irin girman rubutunsa, akwai layi ɗaya da Turanci: wai hirar da 'yan wasa ke yi da juna ba ta cikin abin da aka auna. Mun karanta lambar daidai. Lambar ce ta auna kayan da ke cikin ɗakin, ba ta auna waɗanda ke shigowa ba. A aikina, in magani yana iya kashe yaro, a gaban kwalin ake rubutawa.

A nan Dubai aka binne ta. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da maƙwabtanmu Sudanawa. Abin da muka ce wa kowa shi ne tsautsayi ne, har da Yaya. Da ƙafa ta ɗauke, ya zo da kwalaye babu komai a ciki, don a haɗa kayanta a kai gida a raba sadaka kamar yadda aka saba. Muna ninke riguna ya ce, a hankali, "Gem ɗin ma a sa, Aishat. Najiba ta riƙa tunawa da 'yar'uwarta."

Na ce ya zauna. Na gaya masa duka.

Sannan ya ce yana da irin waɗannan faya-fayan a sito a Ras Al Khor, suna jiran kwantena. Tun ranar da muka koma shago tare yake sayensu, ƙananan lambobi zalla, kuma ya koya wa abokan kasuwancinsa su ma. A Kano iyaye suna zuwa shagonsa su ce a ba su na yara, ya miƙa musu mai bakwai hankalinsa kwance.

"Wa ya buga wannan bakwai ɗin?" ya tambaya. "In na sayi gwal aka buga masa ashirin da ɗaya, na kai aka gwada aka ga ba haka ba ne, na san shagon da zan koma. Wannan fa, wa zan riƙe?"

Sai na shiga bincike. Wani ofishi ne a wata ƙasa mai nisa yake sa lambar. Na rubuta musu. Abu ɗaya na nema: in baƙo zai iya yi wa yaro magana a cikin gem, a ɗaga lambar, kuma a faɗa a gaban kwali, da alamar da wanda bai iya Turanci ba zai gane. Suka amsa da ladabi, suka yi mini ta'aziyya, suka ce ana nazari. Na sake rubutawa. Bashar ba mai yawan magana ba ne, tun rasuwar ma ya ƙara yin shiru, amma shi ya nemo wasu iyaye a wasu ƙasashe da irin haka ta faru da su, ya haɗa mu. Yanzu tare muke rubutawa. Har yau lambar ba ta canza ba, kuma ba mu da niyyar dainawa.

Sai dai kwantena ba ta jiran nazari. Yaya ya ce in zo in yi wa 'yan kasuwa bayani da bakina. Akwai wani gidan abinci a saman bene a Al Ras inda suke haɗuwa bayan Juma'a, mai tuwo da miyar kuka da kilishi. Muka je ni da Bashar, kwalin yana jakata. Na miƙa shi ya zagaya hannu zuwa hannu. Na ce ina roƙon a manna wata 'yar takarda da Hausa a gaban duk gem mai ƙofar hira kafin a loda.

Wani matashin ɗan kasuwa, Izzuddeen, ya juya kwalin ya ce, "Hajiya, Allah ya ji ƙanta, ya ba ku haƙuri. Amma kwana ne ya ƙare. Ko babu gem, ranar ba za ta wuce ba."

"Haka ne," na ce. "Duk wanda nake sayar wa magani ma da ranarsa. Amma ban taɓa miƙa wa uwa maganin jariri ban rubuta mata cokali nawa ba."

"In muka manna gargaɗi wa zai saya? Na Legas ba za su manna ba."

"Kai dai ka ce hannunka ba ya son gam," in ji Yaya. Aka ɗan yi dariya. Izzuddeen bai yi ba.

Na karanta musu abin da na rubuto: Baƙi suna iya magana da yaronka a cikin wannan wasa. Hajiya Murjanatu, wadda ta fi kowa daɗewa tana safarar atamfa da turare tsakanin Dubai da Kano, ta girgiza kai.

"Likita, wannan ya yi tsawo, kuma ba zai tsorata kowa ba. Mu baƙo ai abin karramawa ne. Uwa ta ga an ce baƙi, sai ta ce to madalla, yaron zai koyi Turanci."

Wani ya ce a sa hatsari. Ta ce hatsari ko a jikin batir an rubuta, wa yake karantawa. Wani ya ce a sa 'yan iska. Bashar ya ce ba duka ne 'yan iska ba, wasu yara ne kamar tamu, kuma ba ma son rubuta abin da ba daidai ba.

Hajiya Murjanatu ta juyo wurina. "Su waɗannan mutanen, in za su shigo wurin yarinya, ke uwar kina ji? Suna neman izini?"

"A'a, Hajiya. A kunnenta suke sauka."

"To ai shi ke nan. Ki rubuta: ba sallama."

Duk wanda ke zaune a nan ya san abin da ake nufi da namiji ya faɗo cikin gida babu sallama, ya wuce har ɗakin yara. Babu wanda ya nemi ƙarin bayani. Abin da muka buga ke nan, da jan rubutu: BA SALLAMA. A ƙasa da ƙaramin rubutu: Ana shigowa a yi wa yaro magana. A rufe hira kafin a ba shi.

Ba kowa ne ya yarda ba. Izzuddeen ya loda nasa yadda suke, wasu biyu suka bi shi. Yaya kuwa ya kai mu sitonsa a Ras Al Khor, tsakanin masu sayar da kayan gyaran mota, ya sa aka farke kwalayen da aka riga aka ɗaure. Bashar yana duba wane gem ne ke da ƙofar hira, ni da Yaya muna mannawa. Zafi ya yi yawa, gam ɗin yana narkewa a yatsu. Fiye da rabin masu lamba bakwai sun samu takardar, har da wasu masu lamba uku. Kwantenar wannan satin ta tafi ba da kayansa ba. Mai kago ya bugo yana faɗa, Yaya ya ce masa, "Shwaiya-shwaiya, habibi," wato sannu-sannu, aboki, ya kashe wayar ya ci gaba da mannawa.

Daga Kano ya ba ni labari cewa iyaye suna tsayawa su tambaya me ake nufi. Wasu su ajiye su tafi. Wasu su ce a nuna musu yadda ake rufewa, kuma yanzu ya iya, da hannunsa yake yi musu. Hajiya Murjanatu tana ɗaukar takardun a jakarta tana raba wa waɗanda ba su zo taron ba. Wani ɗan Damagaram ya nemi a yi masa nasu da Faransanci a ƙasa. Na san takardar da aka manna da gam ba ita ce gyaran ba. Gyaran shi ne ranar da lambar da kanta za ta faɗi gaskiya, kuma wanda ya buga ta ya amsa in ta yi ƙarya. Wannan muke nema, kuma shi za mu ci gaba da nema.

Kayan Uwa sun tafi a kwantena ta gaba. Rigunanta da takalmanta aka raba wa yaran unguwar kakarta. Kayan makaranta na wanke na goge na mayar wa makarantar, don akwai masu bukata. Kekenta muka ba 'yar maƙwabtanmu Sudanawa, wadda dama takan ara. Alƙur'aninta yana masallacin ƙasan gidanmu. 'Yan kunnenta kakarta ta ce a kai mata, aka kai.

Na'urar gem ɗin mun daɗe muna shawara a kanta ni da Bashar. A ƙarshe muka ba Najiba. Bashar ya rufe ƙofar hirar, Yaya ya sake dubawa a gabanmu, ya yi alkawarin a falo za ta zauna, inda kowa ke wucewa. Na yi magana da mahaifiyar Najiba a waya, na gaya mata abin da ban iya gaya wa masu gaisuwa ba. Hedifon ɗin ba mu sa a kwalin ba. Faifan ma bai tafi ba. Yana cikin kwalinsa a jakata, ban manna masa komai ba, don ina son duk wanda na miƙa wa ya gan shi yadda muka saye shi.